Shuɗiyar rigar da ta tara tsando a wani lambun bakin rafi

Wurin da mutanensa

Lambun yana kudancin jihar Bauchi, ba nisa sosai da dajin Yankari, a gefen wani rafi da ba ya ƙafewa ƙaf ko bazara ta kai bazara. Mai shi ɗan kasuwa ne mazaunin birni, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Ya shuka ayaba da gwanda a tudu, albasa da tattasai a fadama, ya kuma ajiye shanun huɗa biyu. Leburori tara ke masa aiki, da heluma ɗaya mai riƙe da littafin mai da na sallama, sai wani tsoho ɗan ƙauyen da aka ɗauka gadi. Ni malamin gona ne, nakan biya ta wurin sau biyu a wata saboda albasar, ta haka na ga lamarin tun daga tushe.

Bakin rafin kurmi ne mai duhu: malmo da maɗaci sun haɗe kai a sama, ƙasa kuma sarƙaƙiya ce da danshi. A cikin wannan inuwa aka girke injin ban ruwa, don nan ne ruwan ya fi zurfi. Mutum uku ke kula da shi, su tayar, su gyara tiyo, su shiga ruwa su share bakin bututu in ganye ya toshe shi.

A watan Oktoba, kafin a fara aikin rani, Alhaji ya sayo yadi a Kano ya ba tela ya ɗinka wa kowa iri ɗaya: riga shuɗiya shar, irin ta makanikai, da wando baƙi ƙirin. Dalilinsa ba laifi. Yana son in ya tsaya daga tudu ya bambance yaransa da masu wucewa, kuma kalar ba ta saurin nuna dauɗa.

Nuwamba zuwa Disamba: farkon abin

Sati na biyu da fara ban ruwa, masu inji suka soma ƙorafin wani ƙuda. Ba ya kuka a kunne kamar sauro, sai dai mutum ya ji kamar an soka masa allurar da aka gasa a wuta, a kafaɗa ko a gadon baya ko a ƙwauri. In an kai masa mari ya faɗi, kafin a duba ya miƙe ya tashi. Wurin cizon kuwa ya kumbura ya yi tauri, ya kwana biyu yana ƙaiƙayi.

Tsoho mai gadi bai ko ɗaga kai ba ya ce tsando ne. Ya murƙushe ɗaya tsakanin yatsu ya nuna mini. Ya ɗan fi ƙudan gida tsawo, ruwan ƙasa ne, bakinsa tsinke ne miƙe a gaba, kuma in ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya kamar rufaffen almakashi. Wanda ya ga wannan zaman fiffiken sau ɗaya ba zai sake haɗa shi da wani ƙuda ba.

Da sanyin safiyar hunturu ba a ganinsa. Sai hantsi ya ɗaga, rana ta ɗumama kurmin, sannan ya fito, ba ya lafawa sai bayan la'asar. Heluma ya ware shafi a bayan littafin mai, kullum da yamma ya ƙirga kumburin jikin masu inji. Da wuya mutum ya tashi aiki da ƙasa da goma. Kafin Disamba ta ƙare biyu daga cikin ukun sun ajiye aiki, waɗanda aka maye gurbinsu da su kuma suka ce sai an ƙara musu kuɗi.

Abin da ya ɗaure wa yaran kai shi ne tsohon. A bakin rafin yake wuni yana ɗana ƙugiya, amma da ƙyar a ga ya kai hannu jikinsa. Wasu suka ce laya gare shi, wasu suka ce jinin tsoho ba ya da zaƙi.

Janairu: hayaƙi, man shafawa da fiya-fiya

Farko aka hura wuta kusa da inji ana zuba ɗanyen ganyen darbejiya. Hayaƙin ya kare wanda ke zaune a cikinsa, amma mai inji ba zama yake yi ba. Da ya taka taku goma zuwa bakin ruwa an gama da shi, ga idanu sun yi ja.

Sai Alhaji ya aiko da man shafawa na korar sauro daga kemis. Da magariba ya yi amfani a kan sauro. Tsando kuwa ko a jikinsa. Wannan ba sabon abu ba ne ga masu binciken ƙudan: magungunan shafawa da ke korar sauro ba su cika tasiri a kansa ba. Ga shi kuma gumi da ruwan rafi na wanke man kafin azahar.

Na uku shi ne wanda ya kusa jawo asara. Wani yaro ya yayyafa wa rigarsa fiya-fiya ya saka ta da sauran danshi. Kafin la'asar kai na sara masa, yana ta tashin zuciya, wuyansa da hamatarsa sun yi ja kamar an zuba ruwan zafi. Ya kwana biyu a kwance. Daga ranar heluma ya hana shigo da kwalbar cikin lambu.

Fabrairu: ranar wanki

A farkon Fabrairu ɗaya daga cikin shanun ya fara ramewa, gashinsa ya tashi, idonsa na hawaye, ba ya jan garma rabin yadda ya saba. Aka kira malamin dabbobi. Ya duba, ya ce sammore ne, cutar da tsando ke sa wa dabbobi, ya yi masa allura.

Ranar ta dace da Juma'a, ranar wanki. Yaran sun shanya kayan aikinsu a igiya tsakanin itatuwa biyu, 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa, su kuma suna zaune a gefe da singileti da tsofaffin kayansu na gida. Malamin ya zo wanke hannu, sai ya tsaya cak gaban igiyar. Ƙudaje na shawagi kewaye da shuɗɗan rigunan, su matso, su kewaya, sannan su sauka a kan baƙaƙen wandunan da ke kusa. Na ƙirga shida a kan wando ɗaya. Masu kayan kuwa suna can suna shan rake, ba mai kora.

"Malam, wa ya zaɓo muku wannan kalar?" in ji shi.

Heluma ya ce, "Alhaji ne, ranka ya daɗe."

"To Alhaji ya ɗinka wa yaransa tarko."

Tsoho na gefe ya yi dariya. "Na gaya musu tun hunturu. Na ce yaro, ƙudan nan ba kai yake so ba, rigarka yake so. Suka ce Baba ya fara rikicewa." Rigar da ke jikinsa tsohuwar taguwa ce mai kauri wadda ta koɗe ta koma launin turɓaya.

Bayanin malamin ya yi daidai da abin da aka daɗe da sani. Tsando, musamman na bakin rafi, da ido ya fi farauta. Shuɗi mai haske ke janyo shi daga nesa, baƙi kuma ke sa ya sauka. Abu mai motsi ma na jansa, shi ya sa yake bin mota da babur a daji. Kan wannan hali aka gina kusan duk tarkon da ake kama shi da shi. A 1973 wasu masana biyu 'yan Faransa da ke aiki a Bobo-Dioulasso, cikin ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, suka ƙera wani tarko mai siffar mazurari biyu da aka kifa wa juna. Da farin yadi suka fara, bayan 'yan shekaru aka musanya shi da shuɗi saboda ya fi kamu, cikinsa kuma baƙin ƙyalle ne. Har yau shuɗi da baƙi ne launin tarkon da ma'aikatan cibiyar binciken tsando da sammore ta Kaduna ke kafawa in sun fita ƙirgar ƙuda. Riga shuɗiya da baƙin wando, a jikin mutum mai kai da kawo a bakin kurmi, tarkon ne cif, sai dai wannan da jini a ciki.

Maris: farin yadi

Da labari ya kai wa Alhaji, sai ya yi abin da kowa zai yi. Tunda baƙi da shuɗi ne matsala, a koma fari. Ya aiko da fararen riguna na yadi shara-shara, saboda zafi ya shigo, tela kuma ya ɗinka su ɗamammu don a rage yadi.

Ƙirgar heluma ta sauko zuwa kusan rabi a satin farko, daga nan ta tsaya. Da na duba bayan wani yaro sai na ga kumburin duk a wuri ɗaya suke: kan kafaɗu da tsakiyar baya, daidai inda gumi ke manne riga da fata. Tsinken bakin tsando na huda siririn yadi kamar babu shi. In rigar ta lafe a jiki, tsirara ce a wurinsa. Sauran cizon kuma a idon sawu ne da ƙwauri, don wani irin tsandon bakin rafi ƙasa-ƙasa yake tashi, yaran kuwa kullum wandonsu a naɗe yake zuwa gwiwa saboda shiga ruwa.

Farin ma ba ɓoye mutum yake yi ba. A cikin duhun kurmi farar riga fes tana walƙiya daga nesa, kuma tarkon farko da aka ambata ai da fari ya yi ta kamu. Matar heluma kuma, don kirki, sai ta riƙa saka bula a ruwan ɗauraya, rigunan suka ɗauki ɗan shuɗi-shuɗi. Aka roƙe ta ta bari.

A wannan watan ƙudan ya sauya lokaci. Da zafi ya tsananta, tsakar rana sai ya laɓe a gindin itatuwa da ƙarƙashin ganye, ya fito da safe da kuma bayan la'asar. Kuma da ƙananan kududdufai suka ƙafe, duk ƙudan yankin ya tattaru a wannan gurbi mai ruwa, inda shanu ke sha, guza ke shan rana, mutane ke ɗiba.

Afrilu: kaki

Wannan karon malamin dabbobi da tsoho aka tambaya kafin a je kasuwa. Aka sayo kaki ruwan ƙasa, mai kauri matsakaici, wanda in an ɗaga shi ga rana ba a hango haske ta cikinsa. An gaya wa tela abin da ake so dalla-dalla: riga burum-burum mai dogon hannu da maɓalli a wuyan hannu, kwala mai tsayi, yadi ninki biyu a kafaɗa da gadon baya, wando mai faɗi da za a cusa ƙafarsa cikin safa. Da malafa, da ƙyalle mai sauka ta bayan wuya.

Sai zafin Afrilu ya yi magana. Kwana uku yaran suka jure, na huɗu suka fara tuɓe rigar su rataya a reshe. Wanda ya taɓa jan tiyo a fadama cikin bazara ba zai ga laifinsu ba. A nan heluma ya nuna ya san aikinsa. Ya lura cewa masu albasa da ke fili, nesa da kurmi, ba su cika samun cizo ba ko da me suka saka, don tsandon rafi ba ya son yin nisa da inuwa da danshi. Sai ya ce kakin na mai gangarawa rafi ne kawai. Aka rataye saiti uku a wata rumfa a bakin tudu, mai sauka ya saka, in ya hau ya tuɓe. Aikin share bututu kuma aka mayar da shi asuba, kafin gari ya waye sosai.

Takalmin ruwa ya ɗan ba da wuya, don duk na kasuwa baƙi ne, kuma ƙudan na sauka a kansa. Amma roba ba ta hudawa, muddin wando na cikin safa, safa na cikin takalmi. Aka bar shi.

A littafin heluma ƙirgar ta koma biyu zuwa uku a wuni, galibi a bayan hannu da kunci.

Mayu: tsofaffin rigunan sun sami aiki

Alhaji ya so a sare kurmin baki ɗaya a huta. Dabara ce mai tarihi. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da ciwon barci, cutar da tsando ke sa wa mutane, ya addabi ƙasar Zazzau, da sassabe bakin rafuka aka kori tsando daga yankin Anchau, aka tashi ƙauyuka aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Amma a nan ɗaya gefen rafin ba nasa ba ne, kuma saiwoyin malmon ne ke riƙe da gaɓar da injin ke zaune a kai. Aka tsaya a kan sassabe sarƙaƙiyar ƙasa da ƙananan rassa kewaye da inji, aka bar manyan itatuwa.

Sannan malamin dabbobi ya ce a kawo masa shuɗɗan rigunan da aka jibge a sito. Ya ba da labarin wani ƙaramin tarko da ake amfani da shi a wuraren ciwon barci: ƙyalle shuɗi mai faɗin santimita 25 da tsawon santimita 25, a gefensa baƙar raga mai girma ɗaya, duka an jiƙa su da maganin ƙwari na deltametirin. Ƙuda ya zo wa shuɗin, ya kewaya, ya bugi ragar da ba ya gani sosai, ya ɗauki maganin ya mutu. Akan kafa su a bakin rafi, tazarar mita 50 tsakani. Da irinsu aka yaƙi tsando a yankin Mandul na kudancin Chadi daga 2014, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon barci ya daina zama barazana ga lafiyar al'umma a ƙasar.

Abin da ke sa ɗan ƙyalle yin wannan aiki yana cikin haihuwar ƙudan. Macen tsando ba ta zuba ƙwai ɗari-ɗari kamar sauro. Tsutsa ɗaya take renowa a cikinta, ta haife ta bayan kwana tara zuwa goma, tsutsar ta shige ƙasa ta yi kusan wata kafin ta fito ƙuda. Dangin da ke ƙaruwa a hankali haka, in ana ɗan rage matansa kullum, ba ya iya mayar da gurbi.

Aka yayyanka rigunan, aka haɗa da baƙar raga, malamin da kansa ya jiƙa su da safar hannu a hannunsa, aka kafa 12 a kan sanduna, dab da ƙasa, a wuraren da rana ke ɗan ratsowa. Ba a kafa ko ɗaya kusa da inji ba. Shanun kuma aka riƙa zuba musu maganin ƙwari na gadon baya, aka daina kai su gurbin, ana ɗebo musu ruwa a tudu.

Damina: sauro

Ruwan sama ya sauka, tsando ya bazu cikin daji, ambaliyar Agusta ta tafi da rabin sandunan. A Satumba wani yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, hankalin kowa ya tashi, ana ta raɗe-raɗin ciwon barci. Gwajin jini a asibiti ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne.

Kakin bai kare shi ba domin ba ya jikinsa lokacin da ake cizonsa. Sauron maleriya ɗan dare ne, warin jiki da numfashi da ɗumi yake bi, kuma yaran da gajeren wando suke hira a tsakar gida har dare ya raba. Ko sauron rana ma lissafinsa daban ne. Wani bincike na Jami'ar Washington a Amurka, a 2022, ya nuna cewa sauron da ke ɗauke da cutar shawara, in ya shaƙi iskar numfashin mutum, yakan nufi launuka irin ja da ruwan goro da baƙi, ya ƙyale kore da fari da shuɗi. Wato shuɗin da ke kiran tsando, wannan sauron bai kula shi ba. Fatar mutum kuma, kowane irin launi gare ta, a idonsa ja-ja take. Abin da aka yi a lambun shi ne gidan sauro mai magani ga kowa, da dogon wando da safa daga magariba.

Rani na biyu, da yadda na auna lamarin

A Nuwamba aka sake kafa ƙyallayen. Na bara sun koɗe sun koma ruwan toka, aka yanko sababbi daga sauran rigunan. Ban lissafa watannin damina ba, tunda ƙudan kan watse da kansa a lokacin. Bazara da bazara na gwada. A Maris na shekara ta biyu akwai ranakun da heluma ya ja layi kawai a shafinsa, ba abin rubutawa, kuma ranar da ta fi muni ba ta wuce cizo biyu ba. Ba wanda ya bar aikin inji. Bijimin da ya yi sammore ya murmure ya yi huɗar damina.

A ganina sauya launi shi ne ya fi arha kuma shi ya fara rage cizon, amma watan fari ya nuna iyakarsa: launi na rage yawan ƙudan da ke zuwa, kauri da sakin ɗinki ne ke hana wanda ya zo kaiwa ga fata. Kakin kuma da ba zai kai sati ba in da an tilasta wa mutum tara saka shi wuni guda a zafin Afrilu. Rumfar heluma ce ta cece shi. Raguwar shekara ta biyu kuwa ba ta tufafi kaɗai ba ce, akwai hannun ƙyallaye da sassabe da maganin shanu, kuma ƙudan na nan a sama da ƙasan rafin inda ba a taɓa ba. In aka bar kafa ƙyallayen rani ɗaya, ina sa ran zai dawo.

Laifin da na fi gani na jinkiri ne. Amsar tana zaune a bakin rafi tun Nuwamba, sanye da koɗaɗɗiyar taguwa, aka yi wata uku ana neman layarsa. Ni ma ina cikin waɗanda suka wuce shi, albasa nake dubawa.

Zuwan da na yi na ƙarshe na tarar da wani mai sayen ayaba ya gangara rafi zai yi alwala, cikin shadda shuɗiya sabuwa dal. Tsoho ya tare shi a bakin rumfa, ya ciro kaki ɗaya daga ƙusa ya miƙa masa.